Kunshin kayan tada injin da na saya don tsohuwar tarakta: rabi ya yi, rabi sai shara

Tauraro uku cikin biyar na ba shi, kuma na ukun ma sai da na yi ta jan ƙafa kafin na danna. Ina magana ne kan kunshin nan da ake sayarwa a intanet wanda za ka ga an rubuta wai duk abin da kake buƙata don tada tsohon injin Kohler K301 yana ciki, babu sunan kamfani a jikin kwalin, ba takardar bayani, sai ledoji kawai da hoton kabireta. Ba zan kira sunan mai sayarwar ba, don in ka duba da kyau duk irin kaya ɗaya ne suke juyawa a tsakaninsu, kwalin ne kawai yake canza kala.

Abin da ke ciki dai shi ne sabuwar kabireta cikakkiya, famfon mai (wato na fetur), koyil, kwantak da kwandansa (kayan da ke ba fulogi wuta), fulogi ɗaya, filtar iska, ƙaramar filtar fetur, guntun tiyo da kilif huɗu, gaskit na kan silinda, sai wata ƙaramar leda mai ɗauke da gaskit-gaskit na kabireta da allurar fulot, wadda ke tsayar da fetur in kwanon kabireta ya cika, da mazauninta. Wannan ƙaramar ledar da kamar kyauta aka jefa ta ciki, ita ce ta fi komai amfani, zan zo kanta.

Taraktar Wheel Horse ce ta shekarun 1970, irin ƙananan nan na aikin lambu da yankan ciyawa da jan ƙaramar garma, ta daɗe a ajiye ba a tada ta ba har tayoyin sun zauna. Wanda bai san su ba zai ce me za a yi da wannan tsohon ƙarfen, amma injin da ke ciki ba abin wasa ba ne. K301 silinda ɗaya ne, ƙarfin doki 12, kusan sisi 476, bilok ɗinsa baƙin ƙarfe ne na zubi ba alminiyom ba, shi ya sa ake iya yi masa boring, wato a faɗaɗa ramin silinda, a sa fiston mai girma a ci gaba da aiki. Danginsa su ne K241 mai doki 10, K321 mai 14 da K341 mai 16, kuma irin wannan jerin ne aka riƙa sa wa taraktocin lambu da yawa a Amurka, Cub Cadet da International Harvester ya fara fitarwa a 1961, John Deere 110 da ta fito a 1963, da ita Wheel Horse ɗin da Toro ya saye a 1986. Saboda yawansu ne ma har yau ake buga musu kayan gyara, na kirki da na banza.

Kafin ka buɗe leda ko ɗaya, don Allah kar ka sa batir ka murɗa makulli ka ce bari mu ji ko zai tashi. Injin nan ba shi da famfon baƙin mai, wani ɗan ƙarfe ne a gindin konrod, sandar da ke riƙe da fiston, yake tsoma kai cikin mai yana watsa shi ko'ina, to in man ya ragu ko ya zama ruwa-ruwa konrod ne zai fara tafiya. Cire fulogi, zuba ɗan mai kaɗan ta ramin, bar shi ya jiƙa, sannan ka juya fulawil da hannu ka ji ko yana zagayawa ba tare da ya cije ba. Nawa ya juya lafiya. Man da na juye kuwa baƙi ƙirin ne kuma yana warin fetur, wanda hakan ya nuna min tun kafin na taɓa famfon mai cewa robar cikinsa ta fashe tana zubar da fetur cikin injin. Sabon mai SAE 30 na zuba. Sai kuma murfin da ya rufe fulawil, cire shi dole ne, domin injin iska ke sanyaya shi, fulawil ɗin ne fankarsa, kuma ɓeraye ba su da wurin da suke so kamar nan. Abin da na zaro daga tsakanin haƙarƙarin silinda na tsumma da busasshiyar ciyawa ya cika hannu biyu. Da an tada shi a haka zai yi aiki fa, sai dai zai dahu a hankali ba ka sani ba. Duk wannan babu wanda ya faɗa maka a cikin kwalin, ko layi ɗaya.

To mu zo kan sabuwar kabireta, tunda ita ce ake sa wa a gaban hoto don a ja hankalin mutum. A ido tana da kyau, tana ƙyalli, ramukan noti biyu sun hau daidai kan injin. Matsala ta fara ne daga hannun cok, an juya shi ta ɓangaren da wayar cok ɗin taraktar ba ta kaiwa, in ka ja sai ya buɗe maimakon ya rufe. Bakin shigar fetur shi ma yana kallon wani gefe daban, sai ka lanƙwasa tiyo har ya kusa taɓa salansa, abin da ba mai hankalin da zai bari. Na daure na gyara waɗannan don in ba ta haƙƙinta, na sa ta, injin ya tashi kuwa, ban hana ta wannan ba. Amma silo, wato aikin injin a hankali ba a ba shi totur ba, ya ƙi zama. Injin sai ya riƙa hawa yana sauka, wuuu-wuu, wuuu-wuu, hannun gwamna, na'urar da ke daidaita gudun injin, yana kai da komo ba hutawa, in ka ɗan ja cok rabi sai ya daidaita. Duk bakanike ya san ma'anar wannan, fetur ne bai isa ba, iska ta yi yawa. A kabireta ta asali sai ka murɗa allurar sama ka ƙara mai, magana ta ƙare. A wannan sabuwar akwai sukurun a wurin, yana juyawa, amma ko ka fito da shi zagaye nawa kusan babu abin da ke canzawa, da na zaro shi na ga bakinsa guntu ne ba a fere shi yadda zai zauna cikin jet ba. Na buɗe kwanon ƙasa kuma sai ga ɓarɓashin ƙarfe na masana'anta a kwance a ciki, sabuwa fil ba a taɓa zuba mata fetur mai datti ba. Wannan kam ban yafe ba.

Sai na koma kan tsohuwar. Kuma abin da nake so duk mai niyyar sayen kunshin nan ya ji ke nan: kar ka yar da tsohuwar kabiretarka, ko da ka ga ta yi baƙi ta kama kore. Tawa da na buɗe kwanon, fetur ɗin da ya bushe a ciki ya zama wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti, fulot ya manne, allurarsa ta ƙi motsi. Fetur in ya daɗe haka yake yi, sassansa masu sauƙi su tashi su bar ƙaurin, wanda aka gauraya da etanol kuma ya fi muni don yana jan ruwa daga iska ya ci roba ya kawo tsatsa. Amma danƙo ba lalacewa ba ne, wanki yake so. Na warware ta gaba ɗaya na jiƙa gangar jikin a ruwan wankin kabireta, robobi a gefe don ruwan yana cinye su. Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne doguwar allurar nan ta sama. Ba ƙarfe ne toshe ba, cikinta rami ne, kuma akwai wasu ƙananan huji a jikinta, wasu can kusa da baki wasu a sama, ta nan fetur ɗin silo yake bi. Sai ka ɗaga ta saitin haske kafin ka gan su ma. Nawa duk sun toshe. Silin waya ɗaya na jan ƙarfe na zaro daga tsohuwar wayar wuta na riƙa sokawa a hankali, jan ƙarfe don ya fi tagullar laushi ba zai faɗaɗa ramin ba, kar ka kuskura ka sa allurar ɗinki ko bakin dirila. Ina fesa ruwan wanki ta sama sai na ga ya fito ta ƙananan hujin siriri-siriri, to a nan na san an gama.

A nan ƙaramar ledar ta yi rana. Allurar fulot da mazauninta sun shiga daidai, zaren ya kama ba tare da tilas ba, robar kwano ta zauna cikin kwarinta, gaskit ɗin da ke tsakanin kabireta da injin ma kaurinsa ya yi. Fulot ɗin asali na tagulla ne, na girgiza shi kusa da kunne ban ji ruwa a ciki ba, na tsoma shi a ruwan zafi bai fitar da kumfa ba, don haka shi na mayar. In ka kifa kabiretar ya kamata fulot ya kwanta kusan daidai da bakin gangar jikin, in ya karkata sai ka ɗan lanƙwasa harshen da ke taɓa allura. Allurar sama na mayar a hankali har ta taɓa ƙasa, ba a ɗaure ta da ƙarfi, sannan na dawo da ita wajen zagaye biyu, ta silo kuma zagaye ɗaya da ɗan ƙari. Wannan na farawa ne kawai, sai injin ya yi zafi za ka daidaita da kunne: ka shigar har ya fara yunwa, ka fito har ya fara baƙin hayaƙi, ka tsaya a tsakiya ka ɗan karkata ɓangaren mai. Silo wajen juyi 1200 a minti, ƙarshen totur kada ya wuce 3600, kuma gwamna ba abin wasa ba ne, masu cire shi don a ji ƙara suna neman konrod ya leƙo ta gefen bilok ne.

Abu ɗaya da ledar ba ta magance ba, sandar totur. Shekara da shekaru tana juyawa cikin ramin gangar jiki, ramin ya buɗe, in ka kama ta da yatsa ka girgiza za ka ji tana lilo. Ta nan iska ke satar hanya, kuma ƙura ma ta nan take shiga ba ta bi ta filta ba. Ana sa mata ƙaramin bushin na tagulla a sama, aiki ne na mai haƙuri amma ba gagara ba ne. Da masu haɗa kunshin nan sun san injin da gaske, da sun cire sabuwar kabiretar dungurungum sun sa bushin ɗin nan guda ɗaya, da na ba su tauraro huɗu.

Ɓangaren wuta kuma labari biyu ne. Kwantak ɗin ya yi, ba laifi, yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefen bilok, wata siririyar sanda ce daga kamshaf take tura shi. Na goge fuskarsa da farar takarda tukuna don sababbi suna zuwa da wani maiƙo da ke hana wuta wucewa, na sa tazara inci 0.020, wato kusan rabin milimita. A injin nan tazarar kwantak ita ce tayimin ɗinka, wato lokacin da wuta ke zuwa, in ka buɗe da yawa wuta ta zo da wuri, in ka matse ta makara, akwai ɗan rami a jikin murfin fulawil da ake leƙa alamar S da ke jikin fulawil don tabbatarwa. Kwandansa kuwa ta yi aiki na ɗan lokaci ta mutu. Alamarta ita ce injin ya tashi lafiya da sanyi, in ya ɗau zafi sai ya fara tari yana harbi ta salansa, ka buɗe murfin kwantak ka ga wuta shuɗiya tana tartsatsi a bakinsa fiye da kima, fuskar har ta fara ƙonewa. Mutum zai rantse kabireta ce, ya koma ya yi ta murɗa allura a banza. Na mayar da tsohuwar kwandansa wadda ta girmi yawancin masu karanta wannan, tarin ya ɗauke.

Koyil ɗin ban ma sa shi ba. Na ɗora mita a kan ƙananan notinsa biyu, tsohon ya nuna wajen om 4 (ma'aunin juriyar wuta ke nan), sabon bai kai 2 ba. Irin wannan na mota ne da ke buƙatar resisto a gabansa, in ka haɗa shi kai tsaye da batir mai bolt 12 zai ja wuta fiye da abin da kwantak zai ɗauka, ya yi zafi, ya cinye kwantak ɗin. Wanda ba shi da mita ba yadda zai yi ya sani, girmansu ɗaya, kalarsu ɗaya. Kuma tunda ana maganar koyil, wayar kwantak da ta kwandansa duka a ɓangaren mainos suke haɗuwa, fulos na makulli ne, sannan kar a bar makulli a buɗe injin yana kashe, in kwantak ya dace a rufe koyil yana nan yana dahuwa.

Fulogin ya yi wuta, ban da abin cewa a kansa. Filtar iska ta shiga gidanta daidai. Tiyon gajere ne kuma mai tauri, kilif ɗin kuwa da ka matsa da filaya ba sa komawa.

Famfon mai ya ba ni mamaki, na roba ne baƙi, na asali na ƙarfe, na ɗauka shi zai fara ba ni kunya amma har yanzu yana turo fetur yadda ya kamata kuma baƙin mai ya daina wari. Sai dai a kula wajen sa shi, hannunsa dole ya hau saman kamshaf ba ƙasa ba, in ka ji notin suna ƙin shiga kar ka danne, zaro ka sake. Kuma duk kyan famfo in tanki da tsatsa aikin banza ne. Na cire tankin na zuba ƙananan noti da kananzir na yi ta girgizawa har hannu ya gaji, abin da ya fito kamar garin bulo. Filtar fetur ɗin kunshin mai gani-gari ce, hakan ya yi min, kana ganin datti in ya taru.

Gaskit na kan silinda siriri ne idan ka haɗa shi da wanda na cire, na yi shakka amma na sa. Tunda kan ya sauka na kankare baƙin gawayin da ke saman fiston da gefen bawul, na duba bangon silinda ba zane mai kama farce, na shafa kan a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi don ya kwanta sumul. Notin kai ana ɗaure su ne a gicciye kaɗan-kaɗan, kuma bayan injin ya yi zafi ya huce sai a sake bi, wannan sake bin shi ne mutane ke mantawa sai gaskit ya hura su zagi gaskit. Nawa dai bai hura ba tukuna. Bawul kuma a wannan girman injin ana iya daidaita su da sufana ta ƙofar da ke bayan kabireta, na shiga inci 0.008 zuwa 0.010, na fita 0.017 zuwa 0.019, da sanyi. Wani abu da ke ruɗa mutane, in ka sa geji don auna kwamfureshan za ka ga lamba ƙasa ka ɗauka ringi sun mutu, alhali akwai wata 'yar dabara a jikin kamshaf da ke ɗan ɗaga bawul ɗin fita lokacin kik don injin ya juya da sauƙi, da ya tashi sai ta janye. Kar ka sayi fiston saboda wannan lambar. Hura iska cikin silinda ka saurari inda take fita ya fi faɗin gaskiya.

Na rubuta wa mai sayarwar kan kabireta da koyil, har da hoton mita da hoton ɓarɓashin. Ya amsa da wuri, da ladabi kuma, amma amsar ta nuna bai san me ake nufi da om ba, cewa ya yi in duba ko na sa fetur. Daga baya ya ce zai turo wata kabiretar irin ta farko. Na ce ya bar ta.

Wa ya kamata ya saya? Wanda kabiretarsa ta ɓace gaba ɗaya ko gangar jikin ta tsage, kuma yana so ya ji ko injin na da rai kafin ya kashe kuɗi da yawa, to wannan zai tada masa shi, ya buɗe kwanon ya wanke kafin ya sa. Wanda kuma kayansa na asali suna nan, ledar gyaran kabireta kawai zai nema da famfo da kwantak, kwandansa ya samu ta kirki daban, tiyo ya sayi mai jure etanol da tsayin da zai ishe shi. Kuma kafin ka yi oda karanta farantin da ke jikin murfin injin, akwai lambar model da lambar spec, ta biyun ce ke faɗa maka ainihin irin kabireta da tsarin wutar da injinka ya zo da su, don K301 ɗin wata tarakta ba lallai ya yi daidai da na wata ba, wasu ma magneto gare su, mai samar da wutar fulogi da kansa, ba koyil na batir ba.

Taraktar yanzu tana tashi da kik ɗaya ko biyu, tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi da farko ya ɗauke in ta yi zafi, ina zargin gaid ɗin bawul ne. Bel ɗin da ke kai ƙarfi giya ya tsattsage, shi ne aiki na gaba, kuma wannan karon zan auna tsohon da igiya in sayi bel ɗin shi kaɗai.